Wasiƙa Da Mai Ƙaura: Tarihin Adireshi A Arewacin Ghana

A cikin akwatin ƙarfe inda nake ajiye takarduna akwai wani tsohon ambulan mai ruwan ƙasa. Kan sarkin da ke jikinsa ya koɗe, gara kuma ta taɓa gefensa. Abin da ya hana ni yar da shi shi ne rubutun da ke kansa. Adireshi huɗu ne, da hannu huɗu dabam dabam. An soke uku da biro, an bar na huɗun. Ɗan baffana ne ya rubuto wasiƙar daga Obuwasi a watan Maris na 1994, amma ba ta kai hannun mahaifinsa ba sai a watan Janairu na 1995, a nan Saboba, garin da shi marubucin bai sa sunansa a kan ambulan ba. Zan komo kan labarinta nan gaba.

Tun ina yaro wannan ambulan ya bar ni da tambaya. In mutum ya tashi daga inda aka san shi, ƙaƙa wasiƙarsa take samunsa? Wane ne yake juya ta? Sa'ad da na bi diddigin abin, sai na ga tun zamanin kakanninmu har zuwa yau amsar ba ta sake ba. A ƙasarmu wasiƙa takan sauka ne a hannun wani sananne wanda ya san mai ita. In mai ita ya ƙaura, wannan mutum da ya rage a baya shi ne yake nuna mata hanya.

Zamanin fatake

Tun kafin Bature ya kafa gidan waya a arewa, takarda tana tafiya tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Fatake sukan taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata. Sukan haye Kwara, su ratsa Bargu, waɗansu su biyo ta Sansanin Mango su gangaro Yendi, daga nan sai Salaga, inda suke sayen goron da ya fito daga kurmin Asante. Wata hanyar kuma takan fito daga ƙasar Mosi, ta biyo ta Bawku da Gambaga. Tafiya ce ta watanni, zuwa da komowa yakan cinye kusan shekara. Wanda yake da saƙo sai ya tafi wurin malami a rubuta masa da Larabci ko da ajami, a naɗe takardar, a danƙa wa madugu ko wani amintacce a cikin ayari.

A lokacin nan ba lambar gida, ba sunan titi. Abin da manzo yake riƙewa shi ne sunan mutum, da sunan ubansa, da garinsu, sa'an nan da sunan mai gidan da yake sauka wurinsa. Mai gida a Salaga babban mutum ne. Shi yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa a kan bashi. Saboda haka ba ya sake da labarin baƙonsa, gama akwai ajiya da lissafi a tsakaninsu. In takarda ta iso ta tarar baƙon ya riga ya wuce, mai gida ya san inda ya nufa, ya san kuma ayarin da zai bi bayansa. Sai ya riƙe ta har ranar tashin ayarin, ya ce a kai wa wane a gidan wane. Matambayi ba ya ɓata, haka ma takardar da ke hannun matambayi.

Rubutun wasiƙa kuwa ilimi ne da ake koya. Alhaji Umaru, wanda daga baya aka fi sani da Alhaji Umaru Karaki, haifaffen Kano ne, ya kuma bi hanyar nan ta fatauci tare da mahaifinsa. Tun yana saurayi, a 1877, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa, yadda za a rubuta wa sarki, ko malami, ko aboki. Da ba a yawan aika wasiƙa a wannan hanya, da bai ga dalilin rubuta irin wannan littafi ba.

Sa'ad da Salaga ta watse

Tsarin nan yana tafiya daidai muddin mai gida yana zaune a gidansa. To, yaya ke nan in mai gidan da kansa ya tashi? Abin da ya sami Salaga ke nan. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Gwanja ya karye, cinikin goro ya fara karkata zuwa Kintampo da Atebubu da Kete Karaki. A ƙarshen 1892 kuma yaƙin sarauta ya tashi tsakanin gidajen sarautar Kpembe, wadda Salaga take ƙarƙashinta. Kabachewura Isifa ya yi nasara da taimakon Dagwamba da Nanumba, amma garin ya lalace. 'Yan kasuwa da malamai suka watse, waɗansu zuwa Yeji, waɗansu Kintampo, da yawa kuma Kete Karaki. Alhaji Umaru ma can ya ƙare, ya zama limami, ya zauna har rasuwarsa a 1934.

Sai mu tuna labari ba ya gudu a wancan zamani. Ayarin da ya bar ƙasar Hausa kafin yaƙin yana ɗauke da takardun mutanen Salaga, ya iso ya tarar da kango. Abin da ya ceci irin waɗannan saƙonni shi ne mutanen ba su watse ɗaya ɗaya ba. Mai gida yakan tashi da iyalinsa da yaransa da almajiran unguwarsu, su kafa sabon zango, a naɗa sarkin zango da limami. Mai neman wani sai ya fara daga ƙofar sarkin zango. Har wa yau in baƙo ya sauka a zangon Yendi ko na Bawku yana cigiyar ɗan'uwansa, can za a fara kai shi.

Gidan waya na Turawa

Ana cikin wannan hali ne Turawa suka hauro arewa da nasu tsarin. A bakin teku, ƙasar Gwalkwas ta fara buga kan sarki nata a 1875. Hoton Sarauniya Biktoriya ne a kai, amma Hausawa suka bar shi da sunan kan sarki. A 1874 ƙasashe 22 suka taru a birnin Bern na Suwizalan suka kafa ƙungiyar gidajen waya, wadda ta zama ta duniya duka, Gwalkwas kuma ta shiga a 1879. Ɗaya daga cikin ƙa'idodin da suka yarda a kai shi ne, wasiƙar da aka riga aka biya kuɗinta daidai, in ta tarar mai ita ya tashi, za a tura ta gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ƙa'ida ce mai kyau. Amma an yi ta ne da tunanin garuruwan Turai, inda masinja yake bin titi gida gida, mai ƙaura kuma yakan je gidan waya ya rubuta sabon wurinsa.

A arewa abin bai zama haka ba. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, daga nan sai masinjoji su ɗauki jakar wasiƙu a ka, su bi ta Atebubu da Yeji da Salaga a ƙafa, har aka sami hanyar mota wajen 1920. Yawancin wasiƙun na ma'aikatan gwamnati ne da sojoji da kantuna. Ita hedkwatar gwamnatin arewa ma ta yi ƙaura, daga Gambaga zuwa Tamale a 1907.

Mu mutanen Saboba kuwa, adireshinmu ya sake sau da yawa muna zaune wuri ɗaya. Jamusawa suka ci Dagwamba a Adibo a watan Disamba na 1896. A 1899 suka raba ƙasa da Ingila, aka bi kogin Daka, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi da Saboba da Kete Karaki suka faɗa Togo ta Jamus. A 1914 sojojin Ingila suka karɓi Yendi. A 1919 Ingila da Faransa suka raba Togo, kogin Oti ya zama iyaka a gefen garinmu. A 1956 aka jefa ƙuri'a, a 1957 muka zama 'yan Ghana. Tsohon da aka haifa a 1900 ya rayu shekara sittin ya zauna ƙarƙashin tuta uku bai ɗaga bukkarsa ba. 'Yar'uwarsa da ta yi aure a ƙetaren Oti ta zama 'yar wata ƙasa. In ya aika mata wasiƙa ta gidan waya, sai ta gangara har bakin teku ta haye zuwa Lome ta sake hauro arewa. In ya ba mai kwalekwale, kafin la'asar ta isa. Ba sai an gaya wa mai karatu hanyar da mutane suka zaɓa ba.

Sojoji ne kaɗai suka sami adireshin da yake tafiya tare da su. A yaƙin duniya na biyu samarin arewa da yawa sun tafi Habasha da Bama. Ana rubuta lambar soja da sunan rundunarsa, duk inda aka kai rundunar jakar wasiƙu tana biye. Amma amsar da soja ya rubuto gida sai ta nemi hannun da za ta sauka, ko ofishin Joji, ko fadar sarki.

Akwati ɗaya, mutum ɗari

A Ghana gidan waya bai saba raba wasiƙa gida gida ba. Mutum yakan kama hayar akwati mai lamba a gidan waya, a ba shi makulli, ya biya kuɗi shekara shekara. Manomin doya da yake samun wasiƙa biyu a shekara ba zai kama akwati ba. Saboda haka makaranta, da majami'a, da asibitin mishan, da ofishin gunduma, da babban mai kanti a zango, su ne masu akwati, sauran jama'a kuma suna rataye da su. Ana rubuta sunan mutum, a ƙasa a sa ta hannun hedimasta, ko ta hannun katikis, ko ta hannun Alhaji wane. A makaranta akan kira sunaye a wurin taron safe, yaro ya kai wa iyayensa. A majami'a akan karanta sunayen bayan sujada, wanda ya san mai suna ya ɗaga hannu. Musulmi da mai bin addinin gargajiya duka suna karɓar wasiƙa ta akwatin mishan, kamar yadda Kirista yake karɓa ta akwatin Alhaji mai kanti.

Ashe mai gidan Salaga ne ya komo da sabuwar riga. In mutum ya tashi, ba shi da abin da zai faɗa wa gidan waya, gama gidan waya bai taɓa saninsa ba, akwatin kawai ya sani. Wanda zai je ya yi wa sallama shi ne mai akwatin. Shi ne zai soke tsohon adireshi ya rubuta sabo ya mayar gidan waya, ko kuwa ya ba direban motar doya. Mutanenmu Konkomba sun bazu neman ƙasar noma zuwa Kpandai da Nkwanta da Karaki da Atebubu, motocin doya kuma suna kai da kawowa tsakaninsu da kasuwar doya ta Accra, birnin da Hausawan zango suke kira Ankara. Wasiƙun da suka bi aljihun direbobin nan ba wanda ya ƙidaya su. Wanda ya tashi kuwa bai yi sallama ba, wasiƙarsa takan zauna a kan taga har rana ta cinye rubutun, ko a mayar wa wanda ya aiko.

Manyan ƙaura

Sau uku cikin shekara ashirin aka gwada ƙarfin wannan tsari. Na fari, madatsar ruwa ta Akosombo. Daga 1964 tafki ya fara cika, aka tashi mutum wajen 80,000 aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52. Tsohuwar Kete Karaki, wadda ta karɓi 'yan gudun Salaga, ta nutse, aka gina sabuwa a kan tudu da suna ɗaya. Tafkin ya faɗaɗa mashigin Yeji, babbar hanyar arewa ta koma ta Kintampo da Buipe, Salaga ta zama a gefe.

Na biyu, dokar baƙi ta gwamnatin Busiya, ranar 18 ga Nuwamba 1969, wadda ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasa. Zanguna suka girgiza. Mutanen da aka haifa a Salaga ko Yendi ko Bawku suka hau mota zuwa Nijeriya da Nijar da ƙasar Mosi, waɗansu ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Cikin masu tafiya akwai masu kanti da akwatinsu yake ɗauke da wasiƙun unguwa guda. Na uku, a watan Janairu na 1983 Nijeriya ta kori baƙi, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka komo gida, suka bar adireshinsu a Ikko da sauran garuruwa. A duk lokutan nan ba hukumar da ta tsaya tattara sabon adireshin kowa. Maƙwabta ne suka riƙe labari, da limamai, da sarakunan zango.

Labarin ambulan

Yanzu sai in komo kan ambulan na baffana. Yana noman doya a wani ƙauye a ƙasar Nanumba, yana karɓar wasiƙa ta akwatin makarantar firamare a gidan waya na Bimbila. A watan Fabrairu na 1994 faɗa ya tashi, wanda ya haɗa Konkomba da Nanumba da Dagwamba da Gwanja. Ƙauyuka fiye da 400 suka ƙone, mutum fiye da 150,000 suka rasa matsuguni, kowane ɓangare ya binne nasa. Baffa ya gudu da iyalinsa da dare. Ɗansa da yake aiki a Obuwasi ya ji labari a rediyo, ya rubuto zuwa adireshin da ya sani, yana tambaya ko akwai wanda ya rage da rai.

Wasiƙar ta kwana watanni a akwati. Da ƙura ta lafa, malamin makarantar ya buɗe ya same ta. Malamin nan Bananumbe ne, an kuwa ƙone gidan iyayensa a faɗan. Yana da iko ya jefa ta wuta, ba wanda zai tambaye shi. Amma ya koyar da 'ya'yan baffa, ya ji an ce sun nufi Kpandai, sai ya soke adireshin ya rubuta ta hannun majami'ar can. Hannu na biyu ke nan. A Kpandai aka kira sunan ranar Lahadi, wata mace ta ce sun wuce wajen Tatale, aka rubuta na uku. A Tatale aka ce tsohon ya koma garinsu na asali. A lokacin Konkomba ba sa iya bin hanyar Yendi hankali kwance, sai aka rubuta Saboba aka ba wani Bahaushe mai sayen hatsi, wanda kowane ɓangare yake bari ya wuce.

Ina aji shida lokacin. Na tuna mutumin ya yi sallama a ƙofar gida, ya durƙusa ya ce, "Baba, ga amanarka, ta sha hanya." Baffa ya jujjuya ta, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, karanta, idona ba na boko ba ne." Na karanta. Da na kai inda ɗansa ya jera sunayen ƙannensa yana tambayar kowa ɗaya ɗaya, baffa yakan amsa da ƙarfi, "Yana nan," sai ka ce mai tambayar yana zaune a gabansa. A kan suna ɗaya ya yi shiru. Daga baya ya sa na karanta masa rubutun da ke kan ambulan, ya tambayi hannun wane ne na biyu. Da ya gane, ya daɗe bai ce kome ba. Bayan an sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Kumasi a 1996, ya aika wa malamin da doya ta hannun wannan Bahaushe.

Yau

Abubuwa sun sake ƙwarai. A 1995 aka raba aikin wasiƙa da na tarho, kowanne ya zama hukuma mai zaman kanta. Wayar hannu ta shigo ƙauyuka, daga 2009 aka fara aika kuɗi ta cikinta. Lambar waya ta zama kamar lambar sojan nan, tana bin mai ita duk inda ya tafi. A watan Oktoba na 2017 gwamnati ta ƙaddamar da GhanaPostGPS, wanda ya raba ƙasar duka gida gida, kowane gida mita 5 tsawo mita 5 faɗi, da lambarsa. Sunayen yankuna ma sun sake. Bawku, wadda dā take cikin Jihar Sama, ta zama ta Sama ta Gabas a 1983. An raba gundumar Saboba da Chereponi a 2008, a 2019 kuma Salaga ta koma Jihar Savannah, Kete Karaki ta koma Jihar Oti.

Lambar nan ta GhanaPostGPS tana da amfani, amma ƙasa take nunawa. In mai gida ya tashi, lambar tana nan a kan kangonsa, ba za ta faɗi inda ya nufa ba. Waya kuma takan ɓata, a kan rufe layi, tsoho yakan mance lamba. Rikicin da ya sake tashi a Bawku daga 2021 ya tashi iyalai da yawa, masu neman su kuwa wurin maƙwabci da limami da fasto suka koma tambaya. Har yanzu takardar fansho, da ta kotu, da ta shaidar karatu, sai an sami hannun da za a danƙa wa.

Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, in ƙaura ta kama ka cikin lafiya, kada ka tashi kamar ɓarawo. Ka je wurin wanda wasiƙarka take sauka hannunsa ka yi masa sallama. Ka bar masa sunan garin da za ka, da sunan wanda za ka sauka wurinsa, da lambar waya biyu, taka da ta wani. Ka sanar da makarantar 'ya'yanka da bankinka da ofishin da yake biyanka. In kai ne mai akwati, ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta inda kowa ya koma, gama kai ma wata rana za a sake maka wurin aiki, wanda zai gaje ka kuwa bai san mutanen ba.

Yanzu makullin akwatin majami'armu yana hannuna. Wasiƙu sun ragu, wani watan ba ko ɗaya. Duk da haka akwai uku a aljihun teburina da ban sami masu su ba tukuna. Ɗaya ta wata gwauruwa ce da aka ce ta bi ɗanta zuwa wajen Nkwanta, ga alama kuma takardar kuɗin mijinta ce. Na kira sunan Lahadi biyu ba wanda ya ɗaga hannu. Ranar kasuwa mai zuwa zan tafi tasha in tambayi direbobin doya.